Ka Yi Tafiya Ba Ka Sauke Hanbirki Ba? Ga Yadda Ake Duba Birkin Bas a Gyara Shi

Tambayar nan ta yi ta zuwa mini a waya da saƙo, kusan da kalmomi iri ɗaya: "Malam, na tashi mota ban sauke hanbirki ba, sai da na ji wari na farga. Yanzu me zan yi?" Masu tambayar kashi uku ne. Akwai wanda birkinsa ya yi laushi. Akwai mai jin ƙara ko guga a baya. Akwai kuma wanda birki ya shanye masa a hanya, amma da mota ta huce ya dawo garau, sai ya ɗauka magana ta wuce. Na ukun nan ya fi tayar mini da hankali, kuma dominsa na zauna na rubuta wannan jagora.

Kwanakin baya wani direban haya ya kawo mana Hiace gareji. Ya fita daga tasha da cikakken lodi, hanbirki a rabin ja, ya yi tafiyar da ta kai kilomita goma sha. Ya zo rage gudu a wani ƙauye, feda ta tafi har ƙasa. Allah Ya kiyaye, ya tsaya da giya. Ya zauna a inuwa rabin awa, ya taka, birki ya kama, ya ci gaba da aikinsa har kwana biyu. "Oga, ai ya dawo," in ji shi, "'yar ƙara ce kawai nake ji." Da muka zare durom na dama, wato gangar ƙarfen birkin tayar baya, lainin da ke matse shi daga ciki yana sheƙi kamar an shafa masa gilashi, cikin durom ya koma shuɗi, robar silinda mai tura lainin kuwa da na taɓa ta da yatsa sai ta marmashe kamar ƙanzo. Man birki ya riga ya fara tsattsafowa. Mutum goma sha takwas yake ɗauka a kan wannan birki.

1. A bakin hanya: tsaya, ka bar ta ta huce da kanta

Alamar farko wari ce, irin ta kuloci idan ya ci wuta, ga mota ta yi nauyi kana ba ta totur tana ja da baya. Da ka ji haka, sauke hanbirki gaba ɗaya. A Hiace da yawa sanda ce da ake jawowa daga gindin dashbod, a murɗa a tura, kuma sau da yawa direba yakan murɗa amma bai tura ta har ƙarshe ba. A Sienna irin waɗanda suka cika hanyoyinmu da ƙafar hagu ake taka shi, shi ya sa ido ba ya kai wa gare shi.

Ɗaga ƙafa daga totur, ka gwada birki tun kana da fili a gabanka. Idan feda ta yi laushi, buga ta da sauri sau da yawa, ka riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya har ka samu wuri shimfiɗaɗɗe ka tsaya. Sa giya ta ɗaya, ko P idan otomatik ce, kashe inji, yaron mota ya sa weji a tayar gaba. Sauke fasinja su yi nesa da titi, ka ajiye alamar tsayuwa a bayan mota.

Gargaɗi uku a nan, kuma kowannensu na ga wanda ya karya shi ya yi da-na-sani. Kada ka sake jan hanbirki a kan durom mai zafi, domin lainin yana iya mannewa, durom kuma ya lanƙwashe yayin da yake hucewa. Kada ka watsa ruwa. Hannu yakan kai ga jarka ko ledar ruwa da an ga hayaƙi, amma durom zubin ƙarfe ne, ruwan sanyi a kan zafinsa yana tsaga shi ko ya karkatar da shi, wanda da zai gyaru ya zama na zubarwa. Sannan kada kowa ya tsuguna kusa da tayar da ke hayaƙi, zafi yana iya fasa ta. Idan harshen wuta ka gani, wannan aikin tukunyar kashe gobara ne.

Ba ta minti 45 zuwa awa guda.

2. Auna girman ɓarnar

Tambayi kanka abu huɗu: nisan da ka yi, gudun da ka yi, nauyin da ke cikin motar, da ko ka ga hayaƙi.

Idan daga ƙofar gida ne zuwa bakin layi, ba wari, ba hayaƙi, gwajin mataki na 3 ya ishe ka. Idan ka yi 'yan kilomitoci har wari ya tashi, sai an buɗe tayoyin baya duka biyu, ko da birki yana ci. Idan kuwa hayaƙi ya fito, ko feda ta taɓa shigewa ko sau ɗaya ne, wannan mota ta gama ɗaukar fasinja sai an buɗe ta an canza man birki. Nemi wata motar ka juye mata mutane. Idan gareji yana kusa kuma feda ta yi tauri bayan hucewa, lallaɓa a giya ta biyu, ba lodi. Idan akwai gangara a gabanka, irin Hawan Kibo na hanyar Jos, ko feda ba ta yi tauri ba, kira janwe.

Dalilin da ya sa birki yake dawowa shi ne yaudarar. Zafi ya tafasa man birki, tururi ya shiga bututu, tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa feda ta tafi ƙasa. Da ya huce tururin ya koma ruwa, feda ta dawo. Amma robobin da suka ƙone suna nan a ƙone, man da ya tafasa sau ɗaya kuma ya nuna maka cewa zai sake tafasa.

3. Gwaji kafin a kwance noti

Buɗe tankin man birki ka duba matakinsa da launinsa. Sabon mai fari ne mai ɗan ruwan zuma. Idan ya koma kamar baƙin shayi, ya gaji.

Tayar da inji, ka taka birki da ƙarfi daidai, ka riƙe na daƙiƙa 30. Feda ta tsaya cak a wuri ɗaya, wannan alama ce mai kyau. Tana sulalewa ƙasa a hankali, akwai yoyo, ko a taya ko a cikin masta, wato babbar silindar da feda take turawa. Tana laushi kamar soso amma tana tauri idan ka buga sau biyu ko uku, akwai iska a layi, ko lainin ya yi nisa da durom.

Kwanta ka leƙa cikin tayoyin baya da fitila. Duk danshin da ka gani a bayan farantin birki ko a gefen taya na ciki, dangwalo shi da yatsa. Man birki ruwa-ruwa ne, kuma idan ka zuba masa ruwa yana wankewa. Man giya yana da kauri da wari mai hawa kai, ruwa ba ya ɗaukarsa. Na farko daga silinda yake, na biyu daga sil ɗin aksul, wato robar da ke tare man giya a bakinsa. Riƙe wannan bambanci, zai yi maka amfani wajen ciniki da bakanike.

Daga nan ja hanbirki a hankali kana ƙirga ƙarar haƙoransa. Kowace mota da adadinta a littafinta. Idan sanda ta taho har ƙarshe ba ta kama ba, lainin ya cinye ko kebur ya miƙe. Sauke shi ka dubi jar fitilar dashbod. A yawancin motoci fitila ɗaya ce take nuna hanbirki da kuma ƙarancin man birki, don haka idan ka sauke ta ƙi mutuwa, koma ka sake duba tanki.

4. San irin birkin da ke bayan motarka

Hiace durom ne a baya, kuma lainin ɗin da ƙafa take amfani da shi, shi hanbirki yake ja. Ɓarnar a nan ta shafi birkin tafiya kai tsaye. Sharan da Galaxy faifai ne a baya, hanbirki yana matse fad, wato lainin faifai, ta cikin kalifa, ƙarfen da ke rungume da faifan, zafin kuma yana zaune dab da mai. Sienna masu faifai a baya da Sprinter suna da wani ƙaramin durom ɓoye a tsakiyar faifan, da ƙananan lainin nasa na hanbirki kaɗai. Wannan na ƙarshe yakan ruɗi mutane: a leƙa a ga fad lafiya lau, a mayar da taya, alhali abin da ya ƙone yana ciki ba a buɗe ba.

5. Kayan aiki da kuɗin da za ka tanada

Kana bukatar jak mai ƙarfi da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, weji, sifanar wili, sifana 8 da 10 don bakin fitar da iska, sukudireba mai faɗin baki guda biyu, filaya, guduma, kusoshi biyu masu zare na M8, samfefa, feshin wanke birki, ƙaramin tiyo mai haske da kwalba, da kuma mutum na biyu. Idan ba ka taɓa kwance durom ba, kada ka koya a kan motar haya. Kai ta wurin bakanike, amma ka tsaya a kansa da wannan jagora a hannunka.

Kada ka sayi komai sai an buɗe, ban da man birki, wanda lita ɗaya takan isa a wanke layi duka. Farashin kayan gyara yana bin dala, na wannan wata daban da na watan jiya, don haka zaga shago uku kafin ka biya, ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Tafi da tsohon a hannunka a gwada, domin Hiace kala-kala ce, lainin wata ba ya shiga wata. Jerin tsadar dai ba ya sauyawa: mai da sifirin da sil su ne masu sauƙi, sai lainin da silinda a tsakiya, sai boris da kebur, durom da faifai da kalifa su ne masu cin aljihu. Wanda ya buɗe da wuri yakan tsaya a rukunin farko da na biyu. Wanda ya ƙara mako guda yana aiki, ƙarfe ya ci ƙarfe, shi ke sayen durom.

Durom na Beljiyam ba laifi idan an auna shi. Lainin da silinda da robobi kuwa sababbi za ka saya, ban yarda da na gwanjo ba ko kyauta ne. Kuma komai bibbiyu ake canzawa, hagu da dama. Yi cinikin kuɗin aiki tun kafin a taɓa noti, ka faɗa a fili cewa har da canjin mai da cire iska, sannan ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire.

6. Ɗaga mota ka saurari taya

A ƙasa mai tauri, weji a tayoyin gaba ta gaba da baya, sassauta notocin wili tun mota tana ƙasa, sannan ka ɗaga ka zaunar da ita a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka dogara da jak shi kaɗai, kada kuma ka tokare bas da bulo. Bulon siminti ba ya ba da sanarwa, rugujewa yake yi lokaci ɗaya.

Giya a firi, hanbirki a sauke, juya kowace taya da hannu. Ɗan shafa kaɗan ba komai ba ne. Idan ta ƙi juyawa, ko tana kamawa a wuri ɗaya tana saki a wani, birki yana riƙe ko durom ya karkace. Idan kana jin gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne, zafi ya narkar da giris ɗinsa. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, bai kamata ta yi wasa ba.

7. Zare durom

Cire taya. A fuskar durom na Toyota za ka ga ƙananan ramuka biyu masu zare. Ɗaura kusoshin M8 a ciki, ka riƙa juya su bi da bi, zagaye ɗaya nan, zagaye ɗaya can, durom zai taho da kansa. Idan ya taho kaɗan ya cije, dakata. Lainin ne ya maƙale a gaɓar da ta fito a bakin durom. Koma bayan faranti, cire 'yar robar da ta toshe ramin saiti, tura ƙaramin harshen da ke riƙe da haƙoran saiti da sukudireba ɗaya, ka juya haƙoran baya da ɗayar har lainin ya ja jiki. Wanda ya ci gaba da ɗaure kusoshi da ƙarfi yakan tsinke filolin da ke riƙe lainin. Guduma kuwa a fuskar durom tsakanin notoci ake bugawa a hankali, ba a bakinsa ba.

Da ya fita, kada a hure ƙurar da baki ko da iskar mai faci. Wasu lainin, musamman masu araha, suna ɗauke da asbestos, ƙurarsa kuwa idan ta zauna a huhu ba ta fita. Fesa feshin wanke birki ta gangaro ƙasa. Na san a gareji da yawa da fetur ake wankewa. Fetur yana kumbura roba, kada ya kusanci silinda.

Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire ko sifirin ɗaya, kuma ka gama gefe ɗaya kafin ka wargaza ɗayan, don ya zama maka abin dubawa.

8. Karanta abin da zafi ya rubuta

A nan aikin yake, kada a yi gaggawa.

Fara da lainin. Lafiyayye fuskarsa a dushe take, da ɗan kaushi. Wanda ya ƙone yana sheƙi, yana santsi a ƙarƙashin farce, wani lokaci da ƙananan tsagu kamar ƙasar fadama a rani. Duba gefensa inda aka manna shi da ƙarfe, ka ɗan tura bakin sukudireba. Idan ya ɗaga ko kaɗan, gam ya mutu, kuma irin wannan ne yake ɓallewa ana cikin gudu ya kulle taya. Iyakar kaurin da Toyota ta yarda da shi milimita 1 ne, amma ni motar da ke ɗaukar mutane ba na barin nata ya sauka ƙasa da 2. Idan sheƙin sama-sama ne, tafiyar gajera ce, ba tsaga ba ɗagawa, ana iya goge shi da samfefa a jiƙe har ya dushe. Idan an ga hayaƙi, canza kawai. Lainin da ya sha mai, na birki ko na giya, shi ma ya tashi daga aiki. Za a ce maka a wanke da fetur a babbaka shi a wuta. Man ya shige cikinsa, da ya ɗauki zafi zai sake fitowa.

Sai durom. Goge cikinsa ka kai shi rana. Launin shuɗi ko ɗigo-ɗigon baƙi masu tauri alamar ya sha wuta ne, kuma su ke sa feda rawa da mota tsalle-tsalle idan an taka. Bi da farce ka ji ko akwai kwari mai zurfi. Rataye shi a yatsa ka ƙwanƙwasa da sifana: lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, tsagagge yana amsawa a mace. Duk tsagar da ta kai baki, a jefar. A jikinsa akwai rubutu, MAX DIA da lamba, wato iyakar faɗin da cikinsa zai kai. Idan za a kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya share, a auna tukuna, a kuma auna bayan an share. Wanda ya wuce wannan lamba ya yi siriri, zai yi saurin zafi, kuma ba ya komawa mota.

Sifirin su ne abin da kowa yake mantawa. Zafi yana kashe ƙarfinsu ko da ido bai ga komai ba. Idan fentinsu ya ƙone, ko zoben jikinsu ya buɗe, ba za su iya janye lainin daga durom ba, sai birki ya ci gaba da guga, zafi ya dawo ko hanbirki yana sauke. Direba ya yi ta mamakin me ya sa sabon lainin ya ƙone cikin mako biyu. Kuɗinsu kaɗan ne, canza su tare da lainin.

Silinda ita ce 'yar tukunyar da ke sama tsakanin lainin biyu, mai hular roba a kowane gefe. Ɗaga bakin hular. Ciki ya kamata ya kasance a bushe. Ko danshi ka gani, ko robar ta yi tauri, canza silindar gaba ɗayanta, gefe biyu. Kuma ina roƙonka, idan wani ya ce a toshe bututun wannan tayar da ƙusa ko a naɗe shi "kafin a samu kuɗi", ka ƙi. Mota mai birki a taya uku tana fizga gefe ranar da ka fi bukatar ta tsaya a miƙe.

Dubi tsakiya, inda aksul ya fito. Jiƙewar man giya a nan tana nufin sil ya ƙone. Sai an zare aksul kafin a canza shi, kuma tunda an zare, a duba boris a lokacin, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Bayan an gama a duba man giyar baya a cika.

Na ƙarshe kebur. Sa wani ya ja hanbirki ya sauke kana kallon hannun da ke jan lainin. Ya tafi ya dawo har mazauninsa ba tare da jinkiri ba. Idan yana dawowa a hankali ko yana tsayawa a hanya, rigar kebur ta narke ko tsatsa ta kama shi. Irin wannan yakan sa mutum ya yi tafiya da birki a kame alhali ya sauke sanda.

9. Idan faifai ne a baya

A Sharan da Galaxy duba fad da faifai da idon da ka duba lainin da durom, ka ƙara da robar da ta kewaye fistin da robobin ƙusoshin da kalifa take zamewa a kai. Fistin na baya a waɗannan motoci ba a tura shi da ƙarfi kamar na gaba. Murɗa shi ake yi ana dannawa, da abin aikin da aka yi don haka. Wanda ya matse shi da ƙarfe ya lalata hanbirkin da ke cikin kalifa, ya jawo wa mai mota sayen abu mafi tsada a wurin. A Sienna da Sprinter cire kalifa, ka rataye ta da waya kada nauyinta ya sauka a kan tiyo, sannan ka zare faifan ka duba ƙananan lainin na ciki.

10. Haɗawa da saiti

Goge wuraren da ƙarfen lainin yake zama a jikin faranti, ka shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero a kowane wuri. Hannu mai maiƙo kada ya taɓa fuskar lainin. Bi hotonka, ka lura cewa abin saiti na hagu da na dama ba a musanya su.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a fara ɗaure kebur. Saiti daga taya yake farawa. Sassauta kebur, mayar da durom, juya haƙoran saiti har lainin ya fara shafar durom, ka taka birki sau uku don ya zauna, sannan ka koma baya kaɗan har taya ta juya sakayau. Yi haka gefe biyu. Sai yanzu za ka ɗaure notin kebur har adadin ƙarar ya yi daidai da na littafi. Sauke hanbirki ka sake juya tayoyin, idan ɗaya ta yi nauyi ka wuce gona da iri.

11. Canza mai, cire iska

Wannan mataki ba na zaɓi ba ne ga duk motar da fedarta ta yi laushi. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salsiyas, DOT 4 kuma 230, amma idan suka sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 140 da 155. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, shi ya sa kuma tsohon mai ne yake fara ba da kai.

Karanta murfin tanki, ka sayi abin da aka rubuta. DOT 4 yana shiga inda aka ce DOT 3, amma DOT 5 wani abu ne daban, ba a gauraya shi. Sayi gwangwani ko roba mai hatimi, ka buɗe da hannunka, ban da wanda ake aunawa a kwalba. Man sitiyari ko na giyar otomatik idan ya shiga tankin nan, duk robobin layin sun tafi. Ruwan omo da wasu direbobi suke ɗurawa a hanya yana tafasa tun a digiri 100, yana kuma cinye cikin bututu da tsatsa. Idan an taɓa zuba shi a motarka, faɗa wa bakanike gaskiya.

Zuƙe tsohon man da ke tanki, cika da sabo. Fara da tayar da ta fi nisa da masta, a yawancin motocinmu ta baya ta dama, sai ta baya ta hagu, sai gaba dama, sai gaba hagu, sai fa idan littafin motar ya ba da wani jeri. Sa tiyo a bakin fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Mutum na biyu ya zauna a cikin mota ya buga feda sau uku. "Riƙe!" Ka buɗe kwata, mai ya fito, ka rufe. "Saki!" Haka za ku yi ta yi har mai ya fito fari tas ba kumfa. Kada na ciki ya saki kafin ka rufe, iska za ta koma. Sa ɗan katako a ƙarƙashin feda kada ta kai ƙasa, domin a tsohuwar masta robar tana yagewa idan ta shiga inda ba ta saba zuwa ba. Duk bayan bugu biyar ko shida leƙa tanki, idan ya ƙafe kun koma farko. Hiace marasa ABS suna da wani bawul kusa da aksul na baya mai daidaita birki da nauyin lodi, idan naka yana da bakin fitar da iska, shi ma a yi masa. Man da ya zuba a fenti a wanke da ruwa nan take.

12. Gwajin hanya

Ɗaure notocin wili a gicciye, sauke mota, ka ƙara ɗaurewa. Kafin ka motsa, buga feda har ta yi tauri, ka maimaita riƙon daƙiƙa 30. Nemi hanya marar cunkoso, ba fasinja. Gwada a tafiyar ƙafa tukuna. Sannan daga kilomita 50 a awa ka rage zuwa 10 da taku matsakaici, sau takwas zuwa goma, kana barin tazara tsakani don ya sha iska. Haka sabon lainin yake kwanciya da durom. Mota ta tsaya a miƙe, ba fizga, ba rawar feda.

Yi tafiyar kilomita biyar ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili na baya ba tare da ka taɓa ba. Ɗumi daidai a gefe biyu shi ake so. Idan ɗaya ya fi zafi, yana guga, koma mataki na 10. Sai ka nemi ɗan hawa, ka ja hanbirki, giya a firi, ƙafarka a kusa da feda, ka ga ko za ta tsaya.

A kilomita 200 na farko guji taka birki da ƙarfi sai dole. Bayan mako guda a sake ɗaure notocin wili, a leƙa bayan faranti, a duba tanki.

Saura abu ɗaya kafin ka bar gareji. Direban Hiace ɗin nan da na tambaye shi ko bai ga jar fitila ba, sai ya ce ai wata shida ke nan tana kunne dare da rana, har ya liƙa mata baƙin salatif. Ɗan makunnin da ke gindin sandar hanbirki ne ya lanƙwashe. Mai wayarin ya miƙe shi cikin minti goma. Kai ma sa a duba naka: ja sanda fitila ta kama, sauke ta mutu, sau uku a jere, kana zaune a kujerar direba kana gani da idonka.